Sai Na Ga Tawada a Yatsanki

Funtuwa, 14 ga Satumba, 2024

Sa'ida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Gwiwar tawa ta yi sauƙi tun da na daina hawa benen islamiyya. Yayanki Garzali yana gaishe ki, matarsa ta kusa sauka. Damina ta yi albarka, sabuwar masara har ta cika kasuwa.

Takardarki ta iso, na sa tabarau na karanta ta sau biyu. Ki ci gaba da rubutawa da hannu kina ɗaukar hoto kina turowa kamar yadda na ce, domin a waya ba abin da nake samu sai "to Umma, to Umma," kina sauri kamar kin bar tukunya a wuta. Amma duk tsawon takardar nan ban ga inda kika faɗi abin da kike ci ba, ko kin sayi rigar sanyin da na ce ki saya, ko kin je kin gai da Hajiya Ousseina a shagonta. Matar nan daga Maraɗi take, ba dangin iya ba na baba, ta karɓi amanarki da hannu biyu. Ke kuwa kin cika mini takarda da siyasar Amurka.

To, tunda siyasar kika kawo, bari mu yi ta. Kin ce a can mutum zai iya fin abokin takararsa yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya, amma a rantsar da wanda ya zo na biyu, wai don kowace jiha da nata makin. Kin ce an taɓa yi, ba sau ɗaya ba. Na miƙa wa Garzali wurin na ce ya karanta, ko idona ne. Sa'ida, a nan wannan sunansa maguɗi. Su da suke turo mana mutane da jaka a kafaɗa su tsaya a bakin rumfarmu suna rubuce-rubuce, wai masu sa ido, ashe gidansu ne ya fi bukatar a sa masa ido. Laifi tudu ne.

Labarin ɗaliban nan huɗu kuwa ya taɓa ni. Kin ce a garin da kike, a shekarar da aka ba mu mulkin kai, suka shiga kantin da ba a ba baƙar fata abinci a zaune, suka zauna, aka ƙi kula su, suka ƙi tashi. Iyayensu sun yi tarbiyya. Kin ce kin je kin ga kujerun har kin yi hawaye. Hawaye ba wuya.

Abu ɗaya na nema a takardar ban gani ba. Kin yi rajistar zaɓen? Shekararki guda a garin nan, kina biyan haya, kina shan ruwansu, kina hawa motarsu. Ki ba ni amsa a layin farko, ba a ƙarshe ba.

Mahaifiyarki,
Hadijatu

*

Greensboro, 1 ga Oktoba, 2024

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gai da Yaya Garzali da Anti. Lafiyata ƙalau. Guguwar da kuka ji a rediyo can yammacin jihar ta yi ɓarna, wajen duwatsu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu nan ruwa kawai muka sha. Na sayi rigar. Ina cin abinci, ni da Longji, 'yar Jos ɗin da muke haya tare, muna girki da karɓa-karɓa. Na je wurin Hajiya Ousseina ranar Juma'a, ta cika mini leda da kuka da daddawa ta hana ni biya.

Ga amsar, ko da yake ba a layin farko ba, ki yi haƙuri. Ban yi rajista ba, Umma, domin ba a yarda ba. Ni baƙuwa ce da bizar karatu, zaɓen na 'yan ƙasa ne. Kullum sai 'yan sa-kai masu tebur sun tare ni a bakin laburare suna tambaya ko na yi, in yi murmushi in wuce.

Amma kallo kam ina yi, kuma abin yana ɗaure mini kai. A unguwarmu ta Glenwood ba a liƙa fosta a bango. Ƙaramin allo kowa yake kafawa a ciyawar ƙofar gidansa. Gidan da ke kallon namu ya kafa na wannan jam'iyya, na kusa da shi ya kafa na waccan, kuma jiya na ga ɗayan ya ari injin yankan ciyawa a wurin ɗayan, ba su gaisa ba. Jiharmu tana cikin 'yan jihohin da ba a san inda za su faɗa ba, don haka talla ba ta barin mutum ya huta, ko a waya ko a talabijin, kowa yana cewa in ɗayan ya ci ƙasar ta mutu. Ana buɗe rumfuna tun sati biyu kafin ranar, har wanda bai yi rajista ba yana iya yi a wurin ya jefa a take.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne tarihin. A jihohin kudancin nan, a da, in baƙar fata ya je rajista sai a ba shi wani sashe na tsarin mulki a ce ya karanta, kuma mai rajistar ne zai yanke ko ya iya. Sai a 1965 aka yi dokar da ta karya wannan. Ko a shekarun baya-bayan nan, an taɓa zana iyakar mazaɓa ta ratsa tsakiyar wata jami'ar baƙaƙe ta garin nan, ɗalibai suka rabu gida biyu. Mu a gida akwati ake sacewa. A nan ba a taɓa akwati, taswira ake gyarawa. Wani lokaci sai in ce a raina, in haka ne har a nan, me ƙuri'ar mutum ɗaya take tsinanawa?

A gaishe mini da kowa. A shafa man gwiwa.

'Yarki,
Sa'ida

*

Funtuwa, 20 ga Oktoba, 2024

Sa'ida,

Sallama irin ta Musulunci. Muna lafiya. Matar Garzali ta sauka ranar Laraba, mace, uwa da 'ya lafiya. Da a waya zan faɗa miki, amma kin san abin da ya faru a wayar.

Zan maimaita miki shi a rubuce don kada gobe ki ce ba haka aka yi ba. Shekaranjiya na kira ki na ce, masu tebur suna kiranki da bakinsu, ga rumfa a buɗe, ga rajista a take, me kike jira? Kika ce, "Umma, ba ki gane ba." Ni Hadijatu ce ban gane ba. Na ce ki ganar da ni. Kika ce doka ce. Na ce wace irin doka ce take karɓar kuɗin hayar mutum ta hana shi magana a kan wanda zai mulke shi? Sai kika ce, da ƙosawa a muryarki, "Ko a gida ma ƙuri'a ɗaya me ta taɓa canzawa?" A nan na rantse. Na ce wallahi tallahi ba za ki sake jin muryata ba sai na ga tawada a yatsanki. Na faɗa, ina nan a kai. Rubutu ba murya ba ne, shi ya sa kike ganin wannan.

Kina ta ba ni tarihin mutanen wata ƙasa, ga naki a gida ba ki tambaya ba. Matan kudu sun yi shekaru suna zaɓe, mu matan Arewa an ce mu zauna. Kakarki Inna ta haifi 'ya'ya bakwai kafin a yarda ta jefa ƙuri'a. A zaɓen saba'in da tara ta fara. Ina 'yar shekara goma sha biyu, ni na riƙe mata lema. Ta yi wanka ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi. Ba ta iya karatu ba, alamar jam'iyya ta haddace. Da ta fito sai ta ɗaga babban yatsanta tana nuna wa matan layi kamar ta yi sabon lalle. Ranar da hannun hagu ta tuƙa tuwo don kada tawadar ta goge, kakanki Baffa yana ta yi mata dariya. Wanda ta zaɓa bai ci ba. Ba ta ce me ƙuri'a ɗaya take tsinanawa ba.

Ni tun da na isa ban taɓa fashi ba. Na tsaya da cikin Garzali, na tsaya da goyonki. An soke wanda na jefa a casa'in da uku, na sake fitowa da aka sake buɗewa. An taɓa watsa mu da barkonon tsohuwa, na koma gida na wanke ido na dawo layi.

Ke kuwa na san halinki. A zaɓen bara, kafin ki tafi, sau nawa na ce ki je ki karɓo katinki? Yau layi ya yi tsawo, gobe rana ta yi zafi, jibi an ce injin ya lalace. Har aka yi aka gama katinki yana ofis. Wancan karon rana ce, wannan karon doka ce. Garzali ma ya buɗe baki wai gaskiyarki ce, na ce ya rufe mini shi, shi da ko Legas bai taɓa kwana ba.

Kin tsaya gaban kujerun yaran nan kin yi kuka. Su an ce musu ba a yarda ba, suka zauna. Ke an ce miki ba a yarda ba, kin yi murmushi kin wuce. Ban tura ki karatu don ki zama mai baki ba hannu ba. Mai sharhi a bakin layi ba shi da bambanci da ɗan kallon dambe.

Kada ki wahalar da kanki da kira. Garzali zan miƙa wa.

Mahaifiyarki,
Hadijatu

*

Greensboro, 24 ga Oktoba, 2024

Umma,

Ina gaisuwa. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya ta.

Na kira har na gaji, Yaya ne yake ɗauka. Na ji muryarki a bayansa kina ce wa wata ta sauke ruwan zafi, da kika gane ni ce kika yi shiru.

Na faɗa miki ba a yarda ba, kuma ba dabara nake yi ba. Maganar katin bara gaskiyarki ce, ni na yi sakaci. Amma ban iya karatu da fushinki a kaina. Tun Juma'a nake buɗe littafi ba na ganin komai. Tunda haka kika ce, zan je ranar Asabar da safe. Abin da zai biyo baya Allah ne masani.

Sa'ida

*

Funtuwa, Asabar, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Sa'ida,

KADA KI JE. In kin je kada ki taɓa komai. In kina layi ki fito.

Na kira wayarki a kashe. Na bar miki saƙon murya, na sake bari. Eh, muryata. Ki saurara.

Ina cikin yi wa mai jego kunun kanwa Hajiya Ousseina ta kira. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Hajiya, mi kika yi ma ɗiyar nan?" Na ce me aka yi? Ta ce jiya bayan masallaci kin tambaye ta wace mota ke zuwa rumfar zaɓe da takardun da ake riƙewa, ta ɗauka aikin makaranta ne. Sai yau da safe tana ba maigidanta Alhaji Seydou labari, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Yarinyar nan jefawa za ta yi." Ta kira Longji, Longji ta ce kin fita da wuri, kin ce umarnin Umma za ki cika.

Na ce mata to ai alheri ne. Ta ce, "Alheri? Hajiya, kina so a ɗaure ta? Wanda ba ɗan ƙasa ba in ya yi rajista ya jefa, babban laihi ne hwa. Kotu ce, awoka ne, wato lauya, a soke biza, a sa ta jirgi, kuma ba ta sake shigowa. Ni shekara goma sha ɗaya na yi ina jira kahin in samu takardar ƙasa, ko kusa da teburin nan ban taɓa tsayawa ba."

Na ce ai su suke kiranta da bakinsu.

Ta ce, "Kowa suke kira! Mai tallan goro yana duba haƙoranki kahin ya ce ki saya?"

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Na ce, Hajiya, ki rufe shagon ki nemo mini ita. Ta ce rumfunan suna da yawa a gari, ba ta san wacce kika nufa ba, amma Alhaji ya ɗauki mota.

Ke kuma, Sa'ida, wace irin magana ce "ba a yarda ba"? Ba a yarda a ɗauki waya a islamiyya ba, kowa yana ɗauka. Ba a yarda ɗan acaɓa ya ɗauki mutum biyu ba, ana ɗaukar uku. Kin cika shafi huɗu da taswira da ciyawar maƙwabta, amma layi ɗaya da za ki rubuta, "Umma, ɗaure ni za a yi," ya gagare ki? Digirin me kike yi?

Ki kunna waya. Ki kunna waya don Allah.

Umma

*

Funtuwa, Lahadi, 27 ga Oktoba

Sa'ida,

Hajiya Ousseina ta ce Alhaji ya zaga bai gan ki ba. Ta ce Longji ta gaya mata kin dawo da la'asar, kin shiga ɗaki kin rufe, kin ce a ƙyale ki. An tambaye ki ko kin jefa kin yi shiru. Yau Hajiya za ta zo da kanta, ki buɗe mata ƙofa, ba sa'arki ba ce.

Na gode Allah kina ɗakinki. Amma ban san abin da kika bari a rumfar nan ba, ko sunanki, ko sa hannunki. Garzali ya ce in an rubuta, an rubuta, ko bayan shekara za a iya tono shi. Na ce ya fita ya ba ni wuri, ya fita, na kira shi ya dawo ya sake yi mini bayani.

Gonar mahaifinki ta Dandume na sayar da hannuna don tafiyar nan. Ban taɓa yi miki gori a kanta ba, yanzu ma ba gori nake yi ba. Ina tuna wa kaina ne. In aka sako ki a jirgi ba takardar digiri, ba za a ce Amurka ta kore ki ba. Za a ce uwarta ce ta tura ta da rantsuwa. Kuma gaskiya za a faɗa.

Gidan cike yake da 'yan barka, ina fita ina amsa gaisuwa ina dawowa ina duba waya. Wata ta ce, "Hajiya, ko jikin ne?" Na ce gwiwa ce.

Kina da ikon yin fushi. Ba ki da ikon barin mahaifiyarki a tsaye haka. Kalma ɗaya nake so: kin yi, ko ba ki yi ba?

Umma

*

Greensboro, 27 ga Oktoba, 2024

Umma,

Ban yi ba. Ga shi a layin farko.

Ina gaishe ki. Ki yafe mini shirun. Hajiya Ousseina tana falo yanzu, ta yi mini faɗa da Hausa ta ƙarasa da Faransanci, ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga na tura wannan.

Na je, Umma. Na hau bas na sauka, na shiga layi da fasfo da takardar haya a jaka. Layin ya fito har waje. A gabana wata tsohuwa ce baƙar fata, da sandar tafiya da hula irin ta zuwa coci, ta yi kwalliya sosai. Ta juyo ta ce, "Karonki na farko ne, 'yata?" Na ce eh. Ta ce ita tun da ta isa ba ta taɓa fashi ba, domin mahaifiyarta malamar makaranta ce, amma sau biyu mai rajista yana ce mata ba ta iya karatu ba. Ta ce, "Ni don ita nake zuwa. Ko kare aka tsayar sai na zo na zaɓi wanda ya fi." Na yi dariya, sai na ji Inna nake gani da zanenta na suna. Na ce a raina Umma ta yi gaskiya, ba a tambayar abin da ƙuri'a ɗaya take tsinanawa a gaban irin wannan mata. Wannan maganar na janye ta.

Da na isa tebur na ce rajista zan yi. Matar ta miƙo takarda da biro. Tambayar farko a sama ita ce: ke 'yar ƙasar nan ce? A ƙasa kuma wurin sa hannu, an rubuta cewa mai sa hannu ya rantse duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Na tsaya da biro a hannu. Ba kotu na tuna ba, ba jirgi ba. Ranar da na fasa tulun Inna na tuna, na ce wallahi ba ni ba ce. Ba ki dake ni don tulun ba, don wallahin kika dake ni. Kika ce wanda ya rantse a kan ƙarya ya sayar da bakinsa, ko gaskiya ya faɗa daga baya ta haya ce. Sai ga ni zan yi rantsuwar ƙarya don in cika rantsuwarki. Na rasa wace Umman zan bi.

Na mayar da takardar ba ko ɗigo a jiki. Na ce, "Ni ba 'yar ƙasa ba ce." Matar ta dube ni ta saman tabarau, kamar yadda kike yi, ta ce, "To wannan ba taki ba ce. Kin kyauta da kika faɗa." Ta kira na bayana. Shi ke nan. Ba ta rubuta sunana ba, ba ta tambaya ba.

Na fito na zauna a benci ina kallon hannun masu fitowa. Umma, ba tawada. Ko mutum ɗaya. A nan ba a dangwala yatsa, da biro ake cike takarda a saka a inji, a ba mutum wata 'yar takarda mai gam ya manna a riga. Tsohuwar nan ta fito da tata a ƙirji tana ɗaga mini sanda. Ko da na jefa, ko da an kama ni an kore ni, da yatsana fari fat zan dawo miki da shi.

A nan fushi ya zo mini. Na yi fushi da ke, na yi fushi da kaina da na kasa buɗe baki in faɗa miki girman abin don kada in tayar miki da hankali, na yi fushi da ƙasar ma. Shi ya sa na bar wayar a kashe. Yau da safe na kunna, na ji kina cewa, "Sa'ida, kada ki dangwala, ni ce, kada ki dangwala," ana jin kukan jaririya a bayanki. Na saurara ban san sau nawa ba.

Yanzu ya za a yi da rantsuwar?

'Yarki,
Sa'ida

*

Funtuwa, 29 ga Oktoba, 2024

Sa'ida,

Alhamdu lillahi. Na yi sujada a tsakar gida a gaban mutane, gwiwar ma ba ta hana ni ba. Muna lafiya. Gobe taron suna, mun ɗaga shi da mako guda, an tsayar da sunan Inna.

Yanzu ki saurara. Da na ce ki faɗa rijiya sai ki tambayi wace mota ke zuwa bakin rijiyar? Biyayya ga iyaye tana da iyaka, an koya miki wannan tun kina aji uku a islamiyya. Ki ce mini a'a, ki faɗi dalili da ƙarfi, in yi fushi, in huce. Uwa ba ta mutuwa don an ce mata a'a. Da kin sa hannun nan, da wanne zan ji?

Su kuma mutanen naki, ban gama da su ba. Ƙasa guda, mai jiragen zuwa wata, a ce ba ta da kwalbar tawada? Takarda mai gam! In ruwa ya dake ta fa? Na faɗa wa matan barka, Hajiya Chamsiya ta ce ƙila tsada take yi a can. Na biyu ya zama na ɗaya, ana yanka makaranta biyu a taswira, ba a shafa wa kowa komai a yatsa, kuma su ne malaman duniya. Tsohuwar nan mai sanda kaɗai na yarda da ita a cikinsu. In kin sake ganinta ki ce wata a Funtuwa tana gaishe ta.

Maganar rantsuwa, na je wurin Malam Zubair jiya bayan la'asar. Na zauna a soro na faɗa masa komai, ban rage ba. Sai na ga gemunsa yana motsi. Na ce, "Malam, dariya kake yi?" Ya ce, "A'a Hajiya, tasbihi nake." Ya ce wanda ya rantse a kan abu ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Ko in ciyar da miskinai goma, ko in tufatar da su, in ban da hali in yi azumi uku. Na ce azumin zan yi, ba wanda zai sani. Ya ce, "Hajiya, kina da hali. Ciyarwar ce taki." Wato sai unguwa ta ji.

To ta ji. Yau na ɗora tukunya da kaina, ban bari kowa ya taɓa ba. Tuwon sabuwar masara da miyar kuɓewa, da nama, rana da yamma. Masu dako na bakin tasha da zawarawan bayan masallaci. Garzali ya kai, ya dawo yana cewa ɗayansu ya tambaya ko sadakar jaririya ce, shi kuma ya ce a'a, ta zaɓen Amurka ce. Zan gamu da shi bayan suna.

Kuskuren nawa ne. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba, kada ki saba.

Amma katinki yana nan a ofis inda kika bar shi. In Allah ya kai mu zaɓe mai zuwa kina gida, ni da ke za mu fita, ke za ki riƙe mini lema. A nan an yarda, kuma akwai tawada. Ban rantse ba, na dai faɗa.

Ki gode wa Hajiya Ousseina da Alhaji Seydou, ki ce man motarsa yana wuyana. Ki ajiye takardar nan ki ɗauki waya, yanzu zan kira. Na biya kuɗin muryata da tuwon mutum goma, don haka ba na son "to Umma, to Umma." Zama za ki yi ki ji ta.

Mahaifiyarki,
Hadijatu